Farin Kambas na Malam Zarami

Tafin takalmin ya rabu da shi ne a daidai ƙofar masallacin unguwarmu, ana tsaka da tada iƙamar la'asar. Malam Zarami ya taho da sauri don kada raka'ar farko ta wuce shi. Ya ɗaga ƙafar dama, ƙafa ta tafi, saman takalmi ya bi ta, shi kuwa tafin ya ce ya iso inda za shi, ya kwanta a caɓin wurin alwala. Ina bayansa riƙe da buta. Na sunkuya na ɗauka, na karkaɗe, na zura a aljihu, don na san ko ba daɗe ko ba jima wurina zancen zai ƙare.

Ana sallamewa ya waiwayo, ko addu'a bai shafa ba.

"Tanko, ka ga wani abu a waje?"

"Na ga mutane."

"Ban da mutane."

"To, na ga gawa, na ɗauke ta don kada a taka."

"Allah ya shiryi Bakano," in ji shi. "Rage murya. Mu je rumfa."

Ni ne Tanko, shumeka. Mahaifina ya zo Potiskum daga Kano da sana'ar dukanci, ni kuma na gaji basilla da zare, na kafa rumfa a jikin katangar gidana. Katangar nan ita ce ta raba gidana da na Malam Zarami. Mutane suna gane juna da fuska, ni da ƙafa nake ganewa. In aka jera takalma a ƙofar masallaci zan gaya maka wanda ke ciki da wanda ya makara. Za ka ga sau-cikin malaman makaranta, sama ta sha kiwi tana ƙyalli, ƙasa kuwa rami ne an toshe da kwali. Za ka ga faden alhazan kasuwa an kifa ɗaya kan ɗaya. Silifas kuwa ba shi da uba, wanda ya riga fitowa shi ne mai shi.

Na Malam Zarami ba wanda ya taɓa ɗauka ko da kuskure. Babarbare ne dogo, ya girme ni da kusan shekara goma, dillali ne a Kasuwar Shanu. Da ƙuruciyarsa a ƙasa ya riƙa kora shanu har Kudu, kuma tun daga lokacin bai san wani takalmi ba sai na taya. Na ƙarshen da na yanka masa daga tayar wata tsohuwar mota, shekara goma sha ɗaya yana ƙafarsa. Yakan ce wani bijimi ya taɓa taka shi a kasuwa, kuma bijimin ne ya tafi yana ɗingishi.

Sai ga farin kambas ya shigo rayuwarsa.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi a cikin 'ya'ya mata huɗu, Umar Faruk. Uban ya so yaron ya gaje shi a dillanci, yaron ya ce shi soja zai shiga. An yi ta ja, an kira dangi, an kira liman, yaro ya kafe. Ranar da zai tafi ya durƙusa a zaure yana sallama, Malam Zarami ya ɗauki sandarsa ya tsallake shi ya nufi kasuwa, ko kallonsa bai yi ba. Shekara biyu wasiƙa tana zuwa, uwar yaron, Ya Kaka, ita ke kawo mini in karanta mata, ita kuma ke ba da amsa. Uban ko suna ba ya kamawa. Amma na lura duk sanda nake karatun, sai tari ya kama shi a bayan katanga, a daidai inda muryata ke kaiwa.

A shekarar da aka soke zaɓen nan, 1993, aka ce za a tura su Umar Faruk Laberiya, inda ake yaƙi. Daga Ikko, kafin su tashi, ya ba wani direban tirelar shanu ƙulli ya kawo gida. Aka buɗe, sai ga kambas fari fat mai ratsin shuɗi, da 'yar takarda a ciki. Na karanta da ƙarfi don katanga ta ji: "Baba, ga takalmi. Ka daina sa taya, ka girma."

Kwana uku takalmin yana zaure, Malam Zarami yana wucewa ta gefensa kamar bai gani ba. Ranar Juma'a sai ga shi ya fito da babbar riga da hula zanna, ƙasa kuwa kambas yana haskawa tun daga nesa. Na sunkuyar da kai a kan aikina. Na dai soke yatsana da basilla saboda dariyar da nake dannewa.

Wanda ya ƙera kambas, ko ma wane ne, bai san rayuwar mutanenmu ba. Shi ya ɗauka mutum zai ɗaure igiya da safe, ba zai kwance ba sai zai kwanta. Mu kuwa salla biyar, alwala biyar, in za ka shiga zauren mutum ka cire, in za ka hau tabarma ka cire, in ka haɗu da babba a hanya ka cire ka rusuna. Ranar farko Malam Zarami ya haɗu da mai unguwa, ya sunkuya yana fama da ƙullin igiya, kafin ya kwance mai unguwa ya amsa gaisuwar da ba a yi masa ba ya sha kwana. Kwana biyu ya yi yana wannan wahala. A na uku ya take bayan takalmin ya murƙushe shi, kambas ya koma silifas. Yana gama alwala kuma, da jiƙaƙƙiyar ƙafa yake zurawa. Daga nan ya nufi Kasuwar Shanu, inda ƙasa ba ƙasa ba ce, kashi ne da fitsari da abin da Allah kaɗai ya sani.

Fulani kuwa suka samu abin da suke so, don kowa ya san wasan da ke tsakaninsu da Barebari. Wani Arɗo ya tare shi a tsakiyar kasuwa ya ce, "Zarami, ashe ƙwallo ka koma? Lamba nawa kake bugawa, in zo kallo?"

"Ɗana soja ne ya aiko daga Ikko," in ji Malam Zarami, ya ɗaga ƙafa kowa ya gani. "Na ƙasar waje ne. Kai naka ɗan, ko igiyar shanu ya taɓa aiko maka?"

Ranar ce karon farko cikin shekara biyu da aka ji ya ce "ɗana". Kafin azahar labari ya iso rumfata.

Sati bakwai ke nan da wannan Juma'ar, tafin ya faɗi a ƙofar masallaci. Muka zauna a rumfa, na fito da shi daga aljihu, na karɓi sauran na juya. Na sa farce na ɗaga shimfiɗar ciki, sai ga kwali, irin wanda ake zuba sabulu, har da sauran rubutu a jiki. Ba ɗinki ko ɗaya, gam ne aka shafa aka manna.

"Malam Zarami, wannan jabu ne."

"Na ƙasar waje ne."

"To, ƙasar wajen ba ta da nisa. Ko a ofis kake aiki, wata uku ne kwanansa. Kai kuwa ka kai shi bakin daga."

Ya zura wa kwalin ido. Na zaci zagina zai yi, sai na ga fuskarsa ta sauka.

"An cuci yaron nan," in ji shi a hankali. "Ya shiga kanti da kakinsa, sun ga baƙo, sun ce masa mai kyau ne. Ya zuba guminsa. Yanzu yana can ana harbi, in ya ji abin da ya saya wa ubansa kwalin sabulu ne, ina zai sa fuskarsa?" Ya nuna ni da yatsa. "In maganar nan ta fita daga rumfar nan, ni da kai har gaban Allah. Ɗinke shi. In ka gama ka ɗauko biro."

Na yi ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ni ne magatakardan layinmu. Na ɗora takarda a kan gwiwa, tafin takalmi yana ɗaya gwiwar yana jiran gam ya sha iska.

"Rubuta. Zuwa ga Umar Faruk. Takalmi ya iso. Yana da kyau. Yana nan kamar jiya aka saya."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Haba Malam! Shekara biyu ba ka yi wa yaro magana ba, ba za ka tambayi lafiyarsa ba? Ba za ka sa masa albarka ba?"

"Uwarsa ta tambaya. Ni takalmi aka aiko mini, takalmi zan amsa."

Haka muka kama, ni da shi da kambas. Gam ya ƙi, na yi ɗinki. Ɗinki ya yaga roba, na yanko tayar babur na yi masa sabon tafi. Babban yatsa ya leƙo ta gaba, na yi faci da fatar akuya. Gefe ya tsage, na samo guntun tamfol wurin direbobin tirela. Harshen na hagu wata akuya ta cinye shi, Malam yana salla a kasuwar Nangere, na yi masa wani da tsohon bel. Igiya kuwa tun tuni ya zare ta ya ɗaure buhun dusa. Kowace Alhamis da yamma Ya Kaka za ta wanke shi ta shafe da farar ƙasa kamar bangon ɗakin amarya, Juma'a ya fita fari, Asabar ya dawo kalar kasuwa.

Sau nawa na roƙe shi. "Malam, ka bar shi na Juma'a da Salla mana. Ka koma tayarka ranar kasuwa."

"Cewa ya yi in daina sa taya."

"To ai tayar ce yanzu a ƙasansa."

"Wannan tsakaninka da Allah ne, kai ka sa."

Duk wata biyu kuma sai mun rubuta wasiƙa. Takalmi yana nan lafiya. Takalmi ya ga damina bai ce komai ba. Mutanen Damagum sun tambayi inda ake sayar da irinsa. Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, sun tambaya, amma don su san inda ba za su je ba. Ni dai ina rubutawa ina istigifari. Amsa takan zo jifa-jifa, gajeriya, wani lokaci da datti a jikin takardar: ya ji daɗi takalmi yana nan, a gaida kowa. Malam Zarami zai sa in karanta sau biyu, ya karɓa ya ninke ya sa a cikin hularsa.

A ƙarshen daminar shekara ta biyu ruwa ya dake shi a bayan a-kori-kura yana dawowa daga Damagum. Ya kwanta da zazzaɓi, zazzaɓi ya sauka a ƙirji. Aka kai shi asibiti, aka yi allurai, aka dawo da shi. Mutumin da ya taka har Kudu da ƙafa, sai ga shi daga ɗaki zuwa tsakar gida sai an riƙe shi. A satin ne wasiƙa ta zo cewa an dawo da bataliyarsu Umar Faruk gida Nijeriya, kuma za a ba su hutu a wata mai kamawa.

Da hantsi Ya Kaka ta leƙo ta kan katanga ta ce Malam yana kira. Na same shi kwance a tabarma a inuwar darbejiya, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Kambas yana gefen kansa, ba a ƙofa ba.

"Tanko, dube shi da kyau. Zai koma sabo kafin wata?"

Na ɗauka na juya, don ladabi kawai.

"Malam, wannan takalmin ya riga mu gidan gaskiya tun bara. Abin da ya rage na asali a jikinsa ratsin shuɗin nan ne da ramukan igiya. Sauran duk ni ne."

Ya yi dariya, dariya ta koma tari, Ya Kaka ta taho da ruwa tana harara ta. Da ya lafa ya kama hannuna. Hannun ya yi zafi, ba nauyi.

"Ni da takalmin nan ban san wanda zai riga wani ba. In na kai zuwan yaron nan, zan san ƙaryar da zan yi masa. In ban kai ba, kada yaron nan ya ga takalmin nan a haka. Na ce masa yana nan sabo. Kada ya zo ya tarar an cuce shi, kuma ubansa maƙaryaci. Amana, Tanko."

"Za ka kai, in Allah ya yarda."

"Ban tambaye ka duba ba. Amana na ce."

"Na karɓa."

Bai kai ba. Ranar Talata da hantsi, Ya Kaka tana dama masa kunun tsamiya, ya ce a gyara masa filo, ya yi salati, shi ke nan. Kafin la'asar mun kai shi. Mutanen Kasuwar Shanu sun cika layinmu har bakin titi, Arɗon nan mai tsokanarsa shi ne ya ƙi sakin makara, yana tafe yana share ido da gefen rawani. Ni kuwa da na dawo na zauna a rumfa, sai na rasa abin da ke mini daɗi. Shekara ashirin da wani abu mutumin nan yana zagina ta kan katanga, ban san zagin yana riƙe da ni ba sai da ya yanke. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Bayan sadakar uku aka fito da kayansa za a bayar. Riguna suka samu masu so, sanda ta samu, har tsohon takalmin taya wani ya ɗauka yana godiya. Kambas kuwa duk wanda aka miƙa wa sai ya ce Allah ya jiƙan Malam, ya mayar da hannu aljihu. Na ɗauke shi na sa a buhu, na tura ƙarƙashin bencin rumfata.

Daga nan na wuce kasuwa, shagon Alphonsus mai takalma, wanda ya fi shekara goma sha biyar a garin nan. Na kwatanta masa: fari, ratsin shuɗi, lamba arba'in da huɗu.

"Irin na Baba Zarami?" Ya shiga ciki ya fito da shi, sak. "Wannan buhu-buhu ake kawo shi. Ni ba na sayar wa wanda na sani, saboda gobe zai dawo da faɗa. Kai da kake shumeka, me za ka yi da shi?"

Na gaya masa. Ya tsaya yana kallona, sannan ya sa a leda ya tura mini.

"Ɗauka. Baba Zarami ya taɓa janye ni daga gaban wani mahaukacin sa. Kada ka sa hannu a aljihu, za mu ɓata."

A rumfa na goga tafin a siminti kaɗan, na shafa masa 'yar ƙasa na kakkaɓe. Na ɗaga hannu zan murƙushe bayan, sai na kasa. Shumeka ne ni, rabin rayuwata ina yi wa mutane faɗa a kan wannan ɗabi'ar. Kuma ai wasiƙu cewa suka yi yana nan kamar jiya aka saya. Na bar shi a miƙe, igiya a zarge, na kai wa Ya Kaka na ce ta sa a ƙarƙashin gadon Malam.

"Wushe, sannu da ƙoƙari, Malam Tanko," in ji ta daga bayan labule, tana takaba. "Amma ni ba ruwana. Kai da shi kuka ƙulla. In ya tambaye ni, nuna masa kawai zan yi, ba zan buɗe baki ba."

Umar Faruk ya iso kwana tara bayan rasuwar. A tasha ya ji labari, wurin masu lodin shanu. Ya yi baƙi, ya rame, ya ƙara tsawo, in ya juya baya sai ka rantse uban ne. Muka yi masa gaisuwa a zaure, ya amsa kamar soja, ido a bushe. Na koma gida ina cewa a raina, to Malam, na sauke.

Washegari da safe ina ɗinkin wani fade sai inuwa ta rufe ni. Na ɗaga kai, ga shi tsaye da sabon kambas a hannu.

"Baba Tanko, ina kwana."

"Lafiya lau, Umaru. Ya ƙarin haƙuri? Zauna."

Ya zauna a benci, a daidai saman buhun. Ya ɗora takalmin a cinya.

"Inna ta nuna mini wannan."

"Ƙwarai. Ka ga yadda ya riƙe shi? Takalmi ne mai ƙarko, ka iya zaɓe."

"Baba Tanko, a gefen titi na saye shi, a Apapa can Ikko, ana kiran mu mu hau jirgi. An baza su a ƙasa a kan buhu. Shi ne abin da ya rage a aljihuna zai iya saya. Na san ba na kirki ba ne. Na saya wa kaina irinsa, sati biyar ya yi."

Basilla ta tsaya a hannuna.

"Duk sanda wasiƙa ta zo ta ce yana nan sabo, sai in ce a raina, takalmin nan ba ya zama sabo a ƙafar mutum. Sai dai in ba a sa shi. Amma ina ta ba kaina haƙuri." Ya juya bayan takalmin ya nuna mini. "Dubi nan. Babana ne zai sa takalmi bai take bayansa ba? Ko alwala ɗaya ba a taɓa yi an zura ƙafa a nan ba."

Ya mayar da takalmin kan cinyarsa, ya ci gaba.

"Ashe bai taɓa sawa ba. Ya amsa mini ne don Inna ta matsa masa. Abin da aka saya da kuɗin soja ba zai taɓa ƙafarsa ba. Ya tafi bai yafe mini ba, Baba Tanko. Ni dai ka gaya mini gaskiya, in san abin da zan roƙa masa, da abin da zan roƙa wa kaina."

Ban taɓa jin na yi wauta irin ta ranar nan ba. Mu biyu, tsofaffi da furfura, mun shekara muna ɓoye wa yaro abin da ya fi mu sani. Ga amanar mamaci a wuyana, na karɓa da bakina, hannunsa a cikin nawa. Ga kuma ɗan mamacin a gabana, zai ɗauki wannan nauyin ya tafi da shi har nasa kabarin. Na ce a raina, Malam Zarami, ka tanadi zaginka, in na zo ka yi mini gaba ɗaya.

"Ɗaga ƙafarka," na ce masa.

Na jawo buhun na zazzage a gabansa.

Suka faɗo ɗaya bayan ɗaya, farar ƙasa tana tashi. Tafin taya, gaban fatar akuya, gefen tamfol, harshen bel, bayan a murƙushe ya kwanta lif har ya yi sheƙi. Warin Kasuwar Shanu ya cika rumfa. Umar Faruk ya ja da baya.

"Mene ne wannan?"

"Takalminka ne. Wancan na hannunka na Alphonsus ne, ni na samo shi bayan rasuwa, don ubanka ya ɗora mini amana kada ka ga wannan. Shi a tunaninsa cutarka aka yi a babban kanti, ba ya so ka ji kunya. Tun Juma'ar farko da ya sa shi bai sake sa wani ba. Kasuwa da shi, masallaci da shi, biki da shi, jana'iza da shi. Na roƙe shi ya huta masa ko ranar kasuwa ce, ya ce kai ka ce ya daina sa taya."

Ya sunkuya ya ɗauki na hagu da yatsa biyu.

"Wannan ai bel ne."

"Akuya ce ta cinye na asalin, a Nangere."

"Akuya?"

"Yana salla. Ya ji tana ci, ya ƙi sallamewa, amma liman ya ce bai taɓa jin an yi tahiya da huci irin na ranar ba."

Dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya dafa gwiwa, ni ma na kama, mai faden da ke jiran aikinsa ya tsaya yana kallonmu kamar mun zautu, gida ana zaman makoki. Can sai na ji sautin ya sauya. Na sallami mai fade da ido, na ce ya dawo da yamma.

"Ya taɓa kama sunana?" in ji shi, kansa a ƙasa.

"A tsakiyar kasuwa, da ƙafa a sama. Ɗana soja, ɗana soja, har Fulani suka gaji suka daina tsokanarsa."

Ya ture sabon gefe, ya ɗora tsofaffin a cinyarsa, farar ƙasa tana ɓata masa wando. Ni kuma na ɗauki fade na ci gaba da ɗinki, don in ba shi wuri. Da na saci kallonsa, ya zura hannun dama a cikin takalmin har wuyan hannu. A can ciki ƙafar uban ta lotsa fatar, kowane yatsa da gurbinsa. Ya lalubo su ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da yatsunsa biyar a ciki, ya bar su a nan.